Torfi Ɗan Ketill da Hannun da Bai Riƙe Ba

Kawuna Torfi ɗan Ketill an haife shi a gidan da ya fi kowane gida kusa da tashar jiragen ruwa a garinmu, can cikin lungunan teku na arewa maso yammacin Iceland. Mahaifinsa Ketill, wato kakana, shi ne kyaftin ɗin jirgin kamun kifi mafi girma da muke da shi a wancan zamani. Mutum ne da ko tari ya yi a bakin tasha sai masunta su gyara tsayuwa. 'Ya'yansa biyu, mahaifiyata Rannveig ce babba, sai Torfi. Tun yaron bai iya zama ba gari ya gama zaɓa masa sana'a.

Da ya fara tasawa, mahaifinsa ya ɗauke shi fita ta farko. Ko bakin duwatsu ba su wuce ba ya fara amai. Babu wanda ya damu, domin kowane sabon shiga yana yi, bayan kwana ɗaya ko biyu ciki ya zauna. Na Torfi bai zauna ba. Ya yi ta yi har ba abin da ke fitowa sai ruwa mai ɗaci, daga baya da ɗigon jini. Ketill, wanda bai taɓa juya jirgi saboda ciwon wani ba, ya juya saboda ɗansa, da rabin kaya. Aka sauko da yaron a gaban matan da ke jiran kifi, fuskarsa kamar takarda, yana rungume da bokitin ƙarfe ya ƙi saki. Kafin yamma gari ya raɗa masa suna, Torfi Bokiti.

An sake gwadawa a bazara ta gaba, da wadda ta biyo ta. An ba shi busasshen burodi, an ba shi ƙwayar likita, wata tsohuwa ta ce a ɗaura masa ulu a ciki. Duk a banza. Daga nan Ketill ya bar zancen, bai yi faɗa ba, bai yi gori ba. Sai dai idan baƙi suka zo gidan, ya nuna 'yarsa ya faɗi sunanta, sannan ya nuna ɗan ya ce, "Wannan kuma Torfi, yana taya mu a tudu." Mahaifiyata ta ce da dukansa ya riƙa yi, da ya fi wa Torfi sauƙi.

Ya shiga kamfanin sarrafa kifi, ya tsaya a layi da mata yana feɗe abin da sa'o'insa suka kamo. Daga baya ya samu tuƙin motar share ƙanƙara, kuma a nan ya ƙare aikinsa. Hanya ɗaya ce ke fita daga garinmu, ta kan dutse, kuma rabin shekara tana binne. Torfi ne ke buɗe ta. Ranar da naƙudar ɗana na fari ta tashi ana zubar ƙanƙara kamar ba za a daina ba, shi ya shiga gaba da motarsa, motar asibiti tana bin sawunsa har muka tsallake. Mata da yawa a garin suna da irin wannan labari. Amma mu nan, ranar biki ɗaya ce ta fi kowace, Ranar Masunta a farkon watan Yuni, da addu'a a coci, da tseren kwale-kwale, da lambar yabo ga tsofaffin da suka yi rayuwa a teku. Direba ba shi da rana. Kowace shekara Kawu yakan sa rigarsa ta coci ya tsaya daga can baya, ya yi tafi tare da mutane, ya koma gida kafin a fara rawa.

Ya auri Elínborg, 'yar makiyayan tumaki daga cikin kwari, wadda ba ta damu da teku ba ko kaɗan. Ba su haihu ba, amma sun zauna lafiya. Ita kaɗai ce in wani ya ce Bokiti a gabanta za ta tsaya ta dube shi har sai ya nemi wani zancen. A shekarar da ta rasu aka gama haƙa hanya ta cikin dutsen, aikin share saman dutse ya ƙare, shi ma shekarun ritaya sun zo. Sai ya zama ba mata, ba mota, ba inda zai je da safe. Ni ce na ce ya riƙa zuwa wurin iyo na gari, inda nake aiki, ya zauna cikin kwamin ruwan zafi da sauran tsofaffi.

A lokacin garin ya riga ya canza. An sayar da izinin kamun kifi, manyan jirage sun tafi, waɗanda suka yi aiki da Ketill duk sun mutu. 'Ya'yanmu sun koma Reykjavík, babban birni can kudu. Gidajensu kuma baƙi suka shiga, mutanen Poland da na Filifin da suka zo aikin kiwon kifi a keji. Mutanen kirki ne, suna zuwa kwami bayan aiki, suna koyon harshenmu da tsofaffi. Su ba su san wani Bokiti ba. Abin da suka gani dattijo ne mai faɗin kafaɗa da farin gemu, wanda hoton mahaifinsa ke rataye a zauren gari.

Wani saurayi daga cikinsu ne ya fara tambaya, "Baba, kai ma ka yi teku?"

Ina tsaye ina gwada zafin ruwan. Kawu ya ce, "Mahaifina ne kyaftin." Ya ba su labarin wata guguwa, yadda Ketill ya shigo da jirgi ta tsakanin duwatsu ƙanƙara ta lulluɓe shi har tagogi. Ya iya ba da labari, domin ya yi ƙuruciyarsa yana jin waɗannan abubuwa a teburin cin abinci. Suka yi tsit suna saurare. Ban taɓa ganin an saurare shi haka ba.

A farko "mahaifina" yake cewa. Kafin hunturu ya ƙare ya koma "mu". Da bazara ta zo sai na ji "ni".

Cikin 'yan gari da ke zuwa kwamin akwai Flosi, tsohon masunci mai baƙin baki, wanda ya yi aiki a ƙananan jirage. Shi abin dariya ya ɗauke shi. Yakan kashe mini ido ya ce, "Ci gaba, Kyaftin. Igiyar ruwan nan jiya tsayin coci ce, yau ta kai ina?" Baƙin su yi dariya ba su gane ba, Kawu ya yi dariyar yaƙe ya ci gaba. Na gaya wa mahaifiyata. Ta ce, "Ƙyale shi. Wa ya cuta? Ai gara haka da ya zauna yana kallon bango."

Akwai labari ɗaya da bai taɓa bayarwa a gabana ko gaban Flosi ba. Lokacin Torfi yana matashi, jirgin Ketill ya rasa mutum a teku, wani mai suna Sigurvin, magidanci da matarsa Unnur ba ta daɗe da haihuwa ba. Gaskiyar abin gajeriya ce. Ana ja da koma cikin iska, igiyar ruwa ta bi ta kan jirgin, da aka duba babu Sigurvin. Ba wanda ya ga faɗuwarsa, ba a kuma ga gawarsa ba. Unnur ta ɗauki jaririyarta ta koma kudu, ba ta sake dawowa ba. A bakin Kawu kuwa, labarin ya yi tsawo. Shi ne ya kwanta a gefen jirgi ya cafko hannun Sigurvin, ya riƙe har yatsunsa suka mutu don sanyi, sannan ruwa ya ƙwace shi.

Cikin waɗanda suka ji wannan akwai sabuwar fastonmu, Dagný, matashiya daga kudu wadda ba ta cika shekara da zuwa ba. Tana zuwa kwami da sassafe don ta saba da mutane. Labarin ya taɓa ta, ba ta kuma ga dalilin tambayar kowa ba.

Ranar Masunta ta zo, coci ya cika. Ni da mahaifiyata muna tsakiya, Kawu yana bencin baya inda ya saba. Dagný ta karanta sunayen waɗanda teku ta cinye, kamar yadda ake yi. Da ta zo kan Sigurvin sai ta dakata, ta ɗaga kai ta ce, "A cikinmu yau akwai wanda ya riƙe hannun wannan bawan Allah har ƙarshe. Bai taɓa neman yabo ba, shi ya sa yake zama a baya. Torfi, mun gode."

Baƙin suka waiwaya suna murmushi. 'Yan gari ba wanda ya waiwaya. Kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, ka ce mu duka aka kama. Na ji farcen mahaifiyata ya shiga cikin hannuna. Ni na waiwaya. Kawu yana zaune, jini ya taru a kunnuwansa, bakinsa a buɗe kaɗan. Da ya tashi a nan ya ce Fasto an samu kuskure, da an yi dariyar mako guda an manta. Bai tashi ba. Ya ɗan gyaɗa kai.

Daga coci aka wuce wurin dutsen tunawa da ke bakin ruwa don ajiye furanni. Ina ganinsa yana neman zamewa ta bayan mutane, sai wata mace ta sha gabansa. Baƙuwa ce, za ta yi shekara hamsin, da jar riga mai hula, idanunta sun kumbura.

Ta ce, "Kai ne Torfi? Sunana Svala. Ni ce 'yar Sigurvin."

Ashe ta daɗe tana son ganin inda aka rubuta sunan mahaifinta, sai wannan shekarar ta samu zuwa, ita kaɗai, ba ta sanar da kowa ba. Ta kama hannunsa na dama da hannuwanta biyu tana dubansa.

"Wannan ne?"

Ta ƙara matse hannun, ta ci gaba.

"Mama kullum cewa take ba wanda ya gani. Ashe ɓoye mini ta yi. Don Allah, ya ce wani abu? Ko kalma ɗaya?"

Ina kusa da su sosai. Mutane sun yi kamar suna kallon furanni, amma kowa kunnensa na can.

Ya ce, "Ya ce in gaishe da Unnur. Da ke."

"Ya faɗi sunana?"

"Ya faɗa."

Ta rungume shi tana kuka, shi kuma hannuwansa na reto a gefe. Flosi, wanda bai taɓa rasa abin cewa ba, ya sa hularsa ya juya ya tafi.

Na kai mahaifiyata da Kawu gida a motata. A ƙofar gidan mahaifiyata Kawu ya ce shi zai ƙarasa da ƙafa. Ta ce, "Shigo." Ya shigo. Ta zauna a teburin kicin da rigar cocinta, ba ta ɗora kofi ba, abin da ban taɓa gani ba tun da nake.

"Ina kake ranar da Sigurvin ya mutu?"

"Yaya, don Allah."

"Tambayarka nake. Ina kake?"

"A kamfani."

"A kamfani, da wuƙa a hannu, kusa da ni. Tare muka ji ƙahon jirgi, tare muka fita muka ga tuta a rabin sanda. Ka manta wa Baba ya aika ya kira fasto su je gidan Unnur? Kai. Ka tsaya a bakin ƙofa ka kasa shiga."

"Ban san Dagný za ta faɗa ba."

"Bar Dagný. Yarinya ce, abin da aka ba ta ta ɗauka. Na bar ka kana cin guguwar Baba da kifin Baba, na ce ba komai, gadonka ne. Amma wannan mutuwar ta wasu ce, Torfi. Kuma ka san me? Lokacin da ya mutu ba a kai jaririyar nan coci ba, ba a raɗa mata suna ba. Sai bayan sun koma kudu. Wane suna ya faɗa maka?"

Ya ɗora hannuwansa a kan tebur ya dube su. Can ya ce, "Ta riƙe ni. Me zan ce mata?"

"Ka ce ban je ba. Abin da ka yi shekara da shekaru kana faɗa ba tare da an tambaye ka ba."

Ya tashi ya fita. Kafin mu yi tunanin neman Svala a masaukin baƙi, ta riga ta kama hanya.

Makonni ya yi bai fito ba. Ya ja labule, alhali a wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa a yankinmu. Nakan kai masa miyar naman rago in ajiye, washegari in tarar an ɗan taɓa. Dagný ta ji gaskiya a bakin matar da ke share coci, ta zo har gida ta ba shi haƙuri, wai ita ce ta jefa shi a ciki. Ya ce mini wannan ya fi faɗan Yaya zafi. Ta tsaya a tsakar ɗakinsa tana neman gafara, shi kuma ya rasa inda zai sa idonsa, har ya tsinci kansa yana ce mata ba komai, ya yafe.

Wata safiya ya buga mini waya ya ce, "Hrefna, za ki kai ni kudu? Ni ban iya tuƙin birni ba."

Akwai jirgin fito da ke rage hanyar. Ban ko ambata ba, muka bi ta tudu, muka zagaye kowane lungu. Ya sa rigar coci, ya riƙe ƙullin busasshen kifi a cinyarsa don tsaraba. A hanya yana ta motsa baki, yana bitar abin da zai faɗa. Sau ɗaya ya ce in tsaya, ya fita ya daɗe yana kallon tumaki, na ɗauka zai ce mu koma. Ya dawo ya ce mu tafi.

Svala tana zaune a wani bene a bayan birni. Ta buɗe ƙofa ta dube shi, ta dube ni, ba ta yi mamaki ba. Muka cire takalma muka shiga. Ta zuba kofi ta ajiye, ta zauna tana fuskantarsa. Ya fara, "Na zo ne in gaya miki cewa…"

"Na sani."

Duk abin da ya tsara a hanya ya zube.

Ta ce, "Ranar da na dawo ko zama ban yi ba. Na ɗauki yarana biyu muka wuce gidan tsofaffi wurin Mama. Na zaunar da su a bakin gadonta na ce ina da kyauta. Na faɗa mata komai, hannun, da gaisuwar, da sunana. Ta ce wa ya gaya miki? Na ce Torfi ɗan Ketill. Ka san me ta yi? Dariya. Har sai da aka ba ta ruwa. Ta ce, Torfi Bokiti? Wannan ko a bahon wanka amai yake. Ta ce, ke kuma lokacin ba ki da suna, 'yar ƙarama muke ce miki. A gaban 'ya'yana."

Kawu ya ce, "Ban san abin da zan…"

"Ban gama ba. Bayan dariyar, kwana da kwanaki ba ta ci abinci ba. Ta ce a ɗauko mata hotonsa, wanda ta ɓoye tun ina ƙarama. Ma'aikatan suka kira ni suna tambaya me aka gaya mata. Matar da ta yi shekara hamsin tana lallaɓa wannan abu har ya kwanta."

Ya sunkuya har gemunsa ya taɓa ƙirji. Ni ma na kasa ɗaga kai, kofin ya yi sanyi a hannuna.

Ta ce, "Me ya sa?"

Ya ce, "Suna saurare na. Ba hujja ba ce. Ita ce dai kawai."

Ta tashi ta je taga ta tsaya ta ba mu baya. Na fara neman jakata don mu tafi. Sai ta ce, ba ta juyo ba, "Ka ma san shi kuwa? Ko shi ma a bakin wasu ka ji?"

"Na san shi. Ya ɗan girme ni."

"To faɗi abu ɗaya. Wanda ya faru. In ka ƙara ko gishiri zan gane."

Ya yi ta juya kofin a kan faranti. Ya ce, "Shi ya sa mini sunan."

Ta juyo. "Wane suna?"

"Bokiti. Yana cikin jirgin ranar da aka fara fita da ni. Shi ya ɗauko ni a kafaɗa ya sauke ni a tasha, ya ɗaga murya ya ce, jama'a ga abin da muka kamo yau, kifi ɗaya da bokitinsa. Daga nan ne. Ranar aurena kuma na fito daga coci na tarar ya ɗaura wa motata bokiti a baya, da furanni a ciki. Mutum ne mai tsokana. Ba ya barin kowa, har mahaifina yana kwaikwayon tafiyarsa in ya juya baya. Yana da wushirya, in ya yi dariya har ƙarshen tasha ana ji. Ban so shi ba. Ranar da aka ce ya mutu na yi kuka, amma ban so shi ba."

Svala ta ɗan saki wani sauti ta hanci, tsakanin dariya da wani abu daban. Ta ce, "Ƙaramin ɗana haka yake. Malamansa sun gaji da kirana." Ta goge ido da bayan hannu. "Mama ba ta taɓa ce mini yana da ban dariya ba. Kullum mutumin kirki, mai ƙwazo, kamar abin da ake rubutawa a kabari."

Kawu ya tura ƙullin kifin kan tebur, ya ce, "Ko za ki yafe mini."

"Ban sani ba. Yau dai a'a. Kifin kuma zan karɓa, yara suna so."

Ta raka mu bakin ƙofa. Yana ƙoƙarin sa takalmi, ta kawo masa kujera ya zauna. Ya tambaya ko zai iya zuwa ya ga Unnur. Ta ce kada ya kuskura.

A hanyar dawowa, da muka kusa gida, ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Hrefna, da na zo da wuri, da ni zan fara faɗa mata." Na ce haka ne. Ban ga amfanin ce masa wani abu ba.

Bai sake shiga kwami ba. Baƙin sun ji labarin, domin a garinmu ba abin da ke kwana biyu bai zagaya ba. Saurayin nan da ya fara tambayarsa ya tare shi a kanti ya ce, "Baba, mun yi kewarka, ka dawo, mu labarin muke so ko na wane ne." Kawu ya ajiye kwandon sayayyarsa a nan ya fita, ni na je na biya na kai masa. Daga baya ya koma zuwa kanti daf da rufewa, lokacin da ba kowa. In ya hango mutum a titi sai ya tsallaka ɗaya gefen, ya yi kamar yana duba wani abu a shinge.

Flosi ne kaɗai ya ƙi barinsa. Yakan je ya buga ƙofa da sanda ya ce, "Buɗe, tsohon banza, na san kana ciki, ga hayaƙin kofinka nan." Su zauna su yi karta. Flosi ya ce mini bai ƙara kiransa Kyaftin ba, bai kuma kira shi da ɗaya sunan ba, wai duka biyun sun daina daɗin faɗa. Mahaifiyata ta yi wata da watanni tana gaishe shi daga nesa, sai da Kirsimeti ta aika ni in ɗauko shi. Ya zo, ya ci, ya wanke kwanuka, ba wanda ya tayar da zancen.

Hunturu biyu ya yi bayan haka. A na biyun ya zame a kan ƙanƙara a ƙofar gidansa ya karya ƙugu, aka kai shi asibiti a bayan dutse, ciwon huhu ya same shi a can. Ina zuwa duba shi ranakun da ba ni da aiki. Bai yi dogon zance ba. Ya ce a ba Flosi agogon bangonsa, a kuma binne shi kusa da Elínborg can cikin kwari, ba a maƙabartar gari ba inda mahaifinsa yake. Ya rasu da farkon bazara, tumaki na haihuwa.

Dagný ce ta yi masa addu'a. Wannan karon sai da ta zauna da mahaifiyata ta tambayi komai, ta kuma sake tambayar Flosi. Mutane sun zo fiye da yadda na zata, har da baƙin da rigunan aikinsu. Aka sha kofi da fanke a zauren gari, aka watse.

Bayan wata guda Svala ta kira ni. Ta ce ta ga sanarwar rasuwar a jarida amma a makare. Ta ce mahaifiyarta ma ta rasu a hunturun nan, cikin barci. Na yi mata ta'aziyya, ta yi mini. Ta ce tana so ta kawo yaranta su ga dutsen tunawa idan an yi hutun makaranta. Na ce gidan Kawu babu kowa, akwai gadaje, ga makulli a hannuna. Ta gode, ta ce sun riga sun kama ɗaki a masaukin baƙi.